Kare Da Jariri A Gida Ɗaya: Nasiha Ga Magidanta

 

Ya 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan kare ce da jariri. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin allo da zancen kare? To, ruwansa ya zo, domin idan kare ya ciji yaro a ƙauye, ƙofar da a kan fara bugawa ta malam ce, tun ba a tuna da likita ba. Wanda a ke kawo wa yaro cikin jini yana da damar ya yi magana tun jinin bai zuba ba.

Kowa ya san halin da ƙasar nan ta shiga cikin shekarun nan. Ɓarayin shanu da masu satar mutane sun hana talaka barci. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe cikin watan Disamba na 2020 ba, ba mu kuma manta da masallatan Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi da aka kashe suna sallar asuba cikin watan Agusta na 2025 ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Sabo da haka gidaje da yawa waɗanda dā ba su san kaskon kare ba, yau sun ajiye ɗaya ko biyu, don haushinsa ya tashe su idan baƙon dare ya matso. Ba mu zargi kowa a kan haka ba. Amma gidan da ke da kare shi ne kuma gidan da a ke haihuwa, a ke goyo, a ke rarrafe. Abin da aka kawo don tsaron gida, kada a yi sake ya zama shi ne mai cutar mafi rauni a cikin gidan.

Da kakar da ta wuce aka kawo mini wata yarinya 'yar wata tara daga wata unguwa kusa da mu. Maza suna gona wajen girbin dawa, mata suna bayan gida suna ɓarar masara. Uwar ta kwantar da ita bisa tabarma a inuwar darbejiya, ta bar ta hannun yayarta mai shekara shida. Ashe karyar gidan ta haihu a ƙarƙashin rumbu kwana huɗu da suka wuce. Yayar ta tafi ɗebo ruwa a randa, yarinya ta farka, ta ji kukan 'yan kwikwiyo, ta rarrafa ta miƙa hannu. Kafin ƙiftawar ido karya ta kama ta a kunci. Uban yana ta rantsuwa yana cewa, wallahi shekara uku karyar nan tana gidana, ba ta taɓa ko gurnani ga yaro ba. Na ce masa, na gaskata ka, amma shekara ukun nan ba ta taɓa ganin hannu ya nufo 'ya'yanta ba. Allah ya sa rai bai salwanta ba, sai dai tabon yana nan a fuskar yarinya, da shi za ta girma. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda na ke gani kullum.

Bari mu fara duba abin da malamanmu suka faɗa, don kowa ya san matsayinsa. Mai Risala, Shehu Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa ba a ajiye kare a cikin gidaje, sai fa don tsaron gona, ko rakiyar dabbobi wajen kiwo, ko farautar neman abinci. Hadisi kuma ya zo da cewa wanda ya ajiye kare ba don irin waɗannan bukatu ba, ladansa yana raguwa kowace rana. Masu sharhi sun kawo labari cewa shi kansa mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare don gadi. Da aka tuna masa da ƙyamar da Imamu Malik ya yi wa haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Daga nan malamai da yawa suka yi ƙiyasi, suka halatta karen gadi idan akwai tsoro na gaskiya. To, ku lura, abin da aka halatta gadi ne. Mai gadi kuwa wurinsa ƙofar gida, da garke, da bakin rumbu, da gona. Ba a halatta shi don ya kwana a bakin ɗakin mai jego, ko ya riƙa lasar kwanon yara ba.

Akwai wata mas'ala da a kan ruɗe a cikinta. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuwa, ibada ce da aka umurce mu da ita. Sai waɗansu su ji wannan su ce, ai tun da mai tsarki ne babu laifi ya lashi yaro. A'a. Tsarki daban, lafiya daban. Ruwan kududdufi mai yiwuwa ne ya halatta a yi alwala da shi, amma ba mai hankalin da zai ɗura wa jariri. Hukuncin tsarki yana magana ne a kan salla. Bakin kare kuwa ya shiga juji, ya shiga mushe, ya shiga bayan gida. Kashinsa yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki wanda kan daɗe a cikin ƙasa, ga shi kuwa mai rarrafe ba abin da ya fi so kamar cin ƙasa. Jikinsa yana ɗauke da kaska da ƙuma.

Malaman fiƙihu sun kuma ce, wanda ke da kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai tsare shi ba, to, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Sabo da haka maganar nan ta mai gida ce tun da farko. Shi ya kawo karen, shi ke da ikon yin danga, shi ke da kuɗin allura. Ba daidai ba ne ya bar abin a sake, sa'an nan in tsautsayi ya auku ya hau matarsa da faɗa, ko ya doki 'yar yarinyar da aka bar wa raino, alhali ita kanta abin raino ce.

Me ya sa jariri ya fi kowa shiga hatsari? Ku duba halittarsa. Babba in kare ya kai masa cizo, ƙafa ya kan samu ko hannu. Jariri kuwa yana kwance ko yana rarrafe, fuskarsa daidai bakin kare ta ke, sabo da haka raunin kan sauka a fuska, ko wuya, ko kai, inda ƙashi bai yi ƙwari ba tukuna. Kukansa siriri ne, motsinsa na zabura ne, kamar na ɗan akuya ko zomo, kare kuwa, tun ba na farauta ba, an halicce shi da son cafke irin wannan. Jikin jariri yana ƙanshin nono da tumbuɗi, hannunsa da maiƙon abinci. Idan ya fara rarrafe ya kan nufi kare kai tsaye, ya zuba masa ido, ya damƙi kunne ko wutsiya, ya sa yatsa a ido. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Kare kuma ba shi da hankalin da zai ce wannan ɗan mai gida ne, a yi masa uzuri. Biyu marasa hankali ke nan aka haɗa, to, wa zai raba su in babu mai hankali a wurin?

Hukuncin da ba shi da togiya shi ne wannan: kada a bar jariri da kare su kaɗai, ko da na gwargwadon ɗebo ruwa a randa ne, ko da karen tsoho ne mai sanyin hali, ko da jaririn barci ya ke yi. Yaro ɗan shekara biyar ko bakwai ba ya cikin lissafin masu tsaro. Uwa in za ta tashi, ta goya shi, ko ta sa shi a ɗaki ta ja ƙyaure. Asabari ba ya hana kare shiga. Ɗakin mai jego ya kamata a yi masa ƙyaure mai sakata tun ciki yana wata bakwai ko takwas, a kuma fara hana karen shiga tsakar gida tun daga lokacin, domin ya saba da sabuwar doka kafin baƙon ya iso. In sai ranar haihuwa aka fara korarsa da duka, sai ya haɗa zuwan jariri da wahalarsa.

A yi wa kare wurinsa na kansa, wajen ƙofar gida ko kusa da turken dabbobi, a kewaye da danga mai ƙarfi ko 'yar katanga, da inuwa, da ruwan sha wanda ba ya yankewa. A can za a ajiye kaskonsa, a can zai ci, ba a gaban yara ba. Da rana, sa'ad da yara ke wasa a tsakar gida, yana cikin wurinsa. Da dare, bayan an rufe ɗakuna, a sake shi ya yi aikin da aka ajiye shi dominsa. Da asuba kafin mata su fito, a mai da shi. A share kashinsa kullum a binne, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Wannan duka bai fi aikin yini ɗaya da 'yan kara da itace ba.

Akwai lokatai da ya kamata a ninka tsaro. Idan kare yana cin abinci ko yana gwaguyar ƙashi. Idan yana barci. Idan ba shi da lafiya ko ya ji rauni. Idan karya ta haihu, har sai ta yaye. Sai kuma ranar suna da ranar Layya, sa'ad da aka yanka rago, jini ya zuba, ƙasusuwa suka warwatsu, karnukan unguwa suka taru suna faɗa, gida ya cika da baƙi, kowace mace tana zaton wata ce ke riƙe da yaron. Ungozoma kuma ta kula, in za a binne mabiyiya a zurfafa rami a ɗora dutse, kada kare ya tone. Da kaka, lokacin da gida kan zama wayam sabo da aikin masara da waken suya da auduga, kada a bar jariri a ƙasa a bakin gona ana cewa ai kare na gadinsa.

Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Kare ba ya yawan cizo sai ya yi gargaɗi. Za ka ga ya kau da kai, yana lasar leɓe, yana hamma ba ta barci ba; ko ya sandare wuri ɗaya, ya kwantar da kunnuwa, gashin bayansa ya tashi; sa'an nan gurnani da yage baki. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya ɗauke yaron nan da nan, cikin natsuwa, ba da ihu ba. Kuma kada a doki kare don ya yi gurnani, gama gurnanin nan shi ne sallamarsa. In ka hana shi sallama da sanda, ran da ya ƙosa sai ya faɗo ba sallama. Karen da ya riga ya nuna yana farautar yaro, yana laɓaɓa masa, ko ya taɓa cizon yaro, zamansa a gidan ya ƙare. A mai da shi gona ko garke, wurin da babu ƙanana.

Kada kuwa wani ya fahimci cewa muna kiran a wulakanta dabba. Hadisi ya ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta masa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta sabo da kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya ajiye kare, ciyar da shi ya zama wajibi a kansa. Karen da a ke bari da yunwa, a ke ɗaure shi da gajeriyar sarƙa cikin rana dare da rana, yara suna jifansa, shi ne kan zama mugu. A hana yara jifa da tsokana, mu malaman allo mu fara da almajiranmu. Tausayin kare yana daga cikin tsaron yaro.

Yanzu sai babbar magana, watau haukan kare. Likitocin Musulunci na dā sun san wannan ciwo, Ibnu Sina ma, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin yadda mai shi kan ji tsoron ruwa. Yau an gane cewa wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, tana cikin yawun karen da ya kamu. In ta shiga ta wurin cizo, ko yakushi, ko lasar ƙurji, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi ta kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Gwargwadon kusancin raunin da kai, gwargwadon saurinta, kun ga ke nan jaririn da aka ciza a fuska ba shi da lokacin jira. In alamun ciwon suka bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har 99 cikin 100 daga kare su ke samunsa.

A nan zan faɗi abin da ya fi mini nauyi. Shekarun baya, ina sabon zama da makaranta, wani almajirina ɗan shekara tara ya dawo daga bara da ɗan rauni a ƙwauri, ya ce wani kare ne ya kama shi. Raunin bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na yi masa tofi, na rubuta masa ya sha, aka shafa magani, cikin mako guda ya warke, muka manta. Bayan wata biyu ya fara zazzaɓi da firgita. Aka miƙa masa ruwa, yana so, amma da ya ga moɗa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ta yana kuka. Muka kai shi asibiti, likita ya ce an makara. Kwana huɗu ya yi. Ni na wanke shi, ni na kai wa mahaifinsa labari. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan gaskiya ne, amma sakaci kuma abin tambaya ne ranar gobe, kuma jahilcina ne sakacin. Tun daga ran nan, duk wanda ya kawo mini cizon kare, na kan yi addu'ar muna tafe a kan hanyar asibiti. Annabi ya umurce mu da neman magani, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali. Ina roƙon 'yan'uwana malamai da masu maganin gargajiya, don Allah kada mu riƙe irin wannan yaro a zaurenmu ko da na yini ɗaya.

Ga abin da za a yi in cizo ya auku, ko yakushi, kome ƙanƙantarsa. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa, har minti 15, watau kamar gwargwadon abin da mai tilawa zai karanta izu guda. Wannan wankin kaɗai yana rage hatsari ƙwarai. In akwai aidin a shafa. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa, ko ƙonannen gashin karen kamar yadda na ga waɗansu suna yi, kada kuma a ɗaure raunin tamau. Sa'an nan a nufi asibiti a ranar, a faɗa wa likita gaskiya, a nemi allurar rigakafin haukan kare. Ba sau ɗaya a ke yinta ba: akwai ta ranar farko, da ta kwana uku, da ta kwana bakwai, da abin da likita ya ƙara, kuma lalle a cika su duka. In raunin mai zurfi ne ko a fuska ya ke, akwai wata allura ta dabam da a kan yi a bakin raunin. Masu tsoron alluran cibiya irin na dā su kwantar da hankali, ta yanzu a dantse a ke yi, jariri kuwa a cinya. In ba a samu a ƙaramin asibiti ba, a wuce babba. Tana da tsada, ba mu musa ba, amma buhun masara ko akuya in an sayar a kan mayar, ɗa kuwa ba a mayar da shi.

Karen da ya yi cizon, in an san mai shi, a tsare shi kwana 10 ana dubawa, a kuma sanar da malamin dabbobi, amma kada a jinkirta allurar yaro don jiran abin da zai faru. Alamun mahaukacin kare su ne sauyin hali, da dalala, da sauyin murya, da cizon itace ko dutse, da yawo ba manufa. Wani kuwa ba ya faɗa, sai ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada wanda ya sa hannu a bakinsa don ya cire.

Rigakafi ya fi magani. Tun 1885 wani masani na ƙasar Faransa, Luwi Fasto, ya ceci yaro ɗan shekara tara da allurar da ya haɗa, ranar rasuwarsa kuwa, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar tunawa da yaƙi da wannan ciwo a duniya. A ƙasarmu ma'aikatar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar karnuka, ga kuma likitocin dabbobi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke yayewa. A kan yi wa kwikwiyo allura in ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a ba shi maganin tsutsa da na kaska. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wuri allura, ciwon ya kan yanke a wurin. Hukumomin duniya sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya kafin ƙarshen 2030, amma alkawarin ba zai cika a Kafur ba sai mutanen Kafur sun kawo karnukansu.

Sabo da haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, su haɗa kai da ƙaramar hukuma da malaman dabbobi, a sa rana guda kowace shekara, bayan an gama girbi, a yi wa karnukan kowace gunduma allura a ƙofar dagaci. Shugabannin mafarauta da arɗaɗɗan Fulani su kawo nasu, gama su suka fi kowa yawan karnuka, su kuma suka fi kowa sanin halinsu. Hukumar lafiya ta ga cewa allurar mutane ba ta yanke a asibitocin yankin nan ba, a kuma sauƙaƙa wa talaka kuɗinta. Limamai su faɗi wannan a huɗuba, ungozomomi su faɗa wa masu jego. Kai kuma mai gida, kada ka jira kowa: yau ka duba ƙyauren ɗakin iyalinka, ka duba inda kaskon karenka ya ke, ka tambayi kanka yaushe rabon da a yi masa allura. Da na sani ƙeya ce, a baya ta ke.

Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da mana da kwanciyar hankali a garuruwanmu da gonakinmu, har mu kwana ba mu bukatar mai gadi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah shi ne mafi sani. Haza wassalamu.